Me ya sa kwamfuta ke ɗaukewa da azahar?

Duk ɗalibin da ya taɓa buga furojet ɗinsa a shagon kwamfuta cikin watan Afrilu ya san wannan tashin hankali. Kana tsakiyar babi na huɗu, malamin da ke duba aikinka ya ce gobe yake son gani, sai fankar kwamfutar ta fara gurnani kamar injin markaɗe. Maus ya yi nauyi, harafi ya riƙa fitowa bayan ka daɗe da danna shi, kafin ka ajiye abin da ka rubuta allo ya yi baƙi ƙirin. Wuta na nan, janareta na ta aiki, ita kaɗai ce ta ɗauke. Mai shago ya ce bairos ne. Na kusa da kai ya ce ai ta tsufa. Sau da yawa duk ba su ba ne, zafi ne ya ci ƙarfinta.

A hutun da ya wuce na je gida Guri, sai wani abokin yayana mai shagon buga takardu ya tare ni.

"Ƙanena, tunda kai ne mai karatun kwamfuta, zo ka duba min wannan. Sau biyu ana goge min ita ana sake ɗora mata Windows, kuɗina kawai ke tafiya. Na yanke shawarar kai ta Kano."

"Yaya, da safe ma tana ɗaukewa?"

"Ina! Da safe lafiya lau take. Sai an yi azahar take fara halinta."

Wannan amsar ta rage min rabin aiki. Bairos bai san safe ba, bai san azahar ba. Abin da ke canzawa tsakanin ƙarfe tara na safe da ƙarfe biyu na rana a ɗakin kwano shi ne zafi. Da na leƙa, akwatin yana cikin durowar tebur, bayansa manne da katako, an kuma lulluɓe shi da zani saboda ƙura. Da muka buɗe, ƙura ta yi bargo a kan ƙarfen da ke zuƙe zafi, zanzaro ya yi gini a wata kusurwa, fankar baya kuma wani mai gyara ya ɗaura ta a juye. Ba mu sayi komai ba ranar sai man shafa wa furosesa. Har na dawo makaranta ba ta sake ɗaukewa ba.

Abin da na yi a shagon nan ba wani sirri ba ne, kuma duk wanda ya iya riƙe sukundireba zai iya. Ga bayaninsa daki-daki.

Daga ina zafin yake fitowa?

Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Akwatin da ke shan wat 200 yana fitar da zafi daidai da ƙwan fitila irin na da mai wat 100 guda biyu, a rufe cikin gwangwani. Mafi yawan zafin daga wurare huɗu yake tasowa: furosesa, katin hoto idan akwai shi, fawa-fak, sai kuma sassan madabod da ke daidaita wutar da furosesa ke sha.

Mu da yawa akwatin gaba ɗaya muke kira sifiyu, alhali ainihin furosesa ɗan falle ne da bai kai tafin hannu ba. Furosesar kwamfutocin ofis da muka fi gani a nan, irin su Core i5 na cikin Dell OptiPlex da HP na gwanjo, zafin da aka ƙiyasta musu yana tsakanin wat 65 zuwa 95. Duk wannan zafin daga wurin da bai fi girman kan sarki na wasiƙa ba yake fita. Shi ya sa ake ɗora masa ƙarfen alminiyam mai haƙora kamar matsefi, wanda masu gyara ke kira hitsink. Ƙarfen ya kwashi zafin, ya baza shi a haƙoransa, fanka ta hura iska ta tsakaninsu, iskar ta ɗauke shi.

To a nan ne maganar take. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakin da kake zaune ita take turawa. Zafin furosesa kullum shi ne zafin iskar da ya shaƙa, a haɗa da ƙarin da aikinsa ya jawo. A ce ƙarin nan digiri 45 ne idan yana aiki sosai. A ɗaki mai digiri 25, zai tsaya a 70, babu damuwa. A ɗakin kwano da ya kai 42, ya zama 87. Idan kuma iskar cikin akwatin ba ta fita, ta fi ta ɗakin zafi da digiri 10, ka ga mun kai 97. Furosesar Intel da yawa iyakarsu wajen digiri 100 ne, na AMD Ryzen da yawa kuma 95. Idan ya kusanci iyakar, sai ya rage wa kansa gudu don ya huce, wannan ne nauyin da kake ji a maus. Idan hakan bai isa ba, sai ya kashe kansa kafin ya ƙone.

Ku duba littafin bayanin yawancin kwamfutocin ofis, za ku ga an rubuta cewa an yi su ne don aiki a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a ƙasar Haɗeja, daga Maris zuwa Mayu, rana kan haura 40. Ke nan tun kafin ƙura ta shiga, mun riga mun cinye rarar da masu ƙira suka bari. Kuskuren da kwamfuta za ta jure a Ingila, a Guri sai ta nuna maka.

Ba furosesa kaɗai ke wahala ba. Had-disk da yawa iyakarsu digiri 60 ne, kuma a cikinsa furojet ɗinka yake. Kafasito masu ruwa a ciki, waɗanda ke kan madabod da cikin fawa-fak, injiniyoyi na da ƙa'ida a kansu: duk ƙarin digiri 10 yana rage tsawon rayuwarsu da kusan rabi. Kwamfutar da ba ta ɗaukewa amma kullum tana cikin zafi, tana tsufa ne a ɓoye.

Ɗan lissafi ga 'yan injiniya

Iska nawa ake buƙata? Darasin da muka yi ne a aji: zafi daidai yake da nauyin iska, sau ƙarfin ɗaukar zafinta, sau bambancin digiri. Kilo ɗaya na iska yana buƙatar kusan jul 1,005 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Idan akwatinmu na fitar da wat 200, kuma muna son iskar da ke fita kada ta fi wadda ta shiga da sama da digiri 10, sai mu raba 200 da 10,050. Amsa kusan kilo 0.02 ce a daƙiƙa, wato giram 20. Lita ɗaya ta iska mai zafi nauyinta kusan giram 1.1 ne, don haka muna neman kusan lita 18 a kowace daƙiƙa. Ka ƙaddara jarkar 'yan garuwa mai lita 20, cike da iska, tana ratsa akwatin duk daƙiƙa ɗaya.

A jikin kwalin fanka za ka ga an auna ta da CFM. CFM ɗaya bai kai rabin lita a daƙiƙa ba, don haka lita 18 ɗin nan kusan CFM 38 ne. Fanka ɗaya mai milimita 120 za ta iya wannan, idan hanya a buɗe take. Amma lambar da ke kan kwali an auna ta ne babu abin da ya tare fankar. Raga, ƙura da wayoyi duk suna rage ta. Lissafin kuma ba ya sassauci: iska ta ragu da rabi, bambancin zafin ya ninka, 10 ta koma 20.

Iska hanya take so

Mu 'yan fadama ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga abin da kacala ta yi wa hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru. Ruwan yana nan, amma inda ciyawar ta toshe sai ya kwanta inda ba a so, gonar da ke jiransa a gaba kuma ta bushe. Haka iska take a cikin akwati. Tana buƙatar mashiga, tana buƙatar mafita, tsakaninsu kuma a share.

Tsarin da aka saba shi ne iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta ratsa had-disk da katin hoto da furosesa, ta fita ta baya da sama. Fankar gaba mai shigarwa ce, ta baya mai fitarwa. Idan akwai gurbi a rufin akwatin, ita ma fitarwa za ta yi.

Yaya za ka gane inda fanka ke turawa? Kowace fanka fuska biyu gare ta. Ɗaya a buɗe take, ɗayar kuma tana da ƙafafun roba da suka riƙe motar, ta nan ne wayar ke bi. Iska na shiga ta buɗaɗɗiyar fuskar, ta fita ta ɓangaren ƙafafun. Wasu fankokin an zana musu 'yan kibiyoyi biyu a gefe, ɗaya na nuna inda take juyawa, ɗaya na nuna inda iska ke bi. Idan kana shakka, kara ɗan zare ko yankin tishu a bakin ragar tana aiki. Ko ka kunna turaren tsinke ka riƙe a gaban akwatin: hayaƙin zai nuna maka inda ake zuƙa da inda ake furzarwa. A shagon Guri, fankar baya tana mayar da iskar da fawa-fak ya fitar zuwa ciki, zafi ɗaya yana ta zagaye.

Akwai kuma batun wacce ta fi yawa, mai shiga ko mai fita. Idan masu fitarwa suka fi ƙarfi, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace kafa da tsaga, ƙura na biye da ita. Idan masu shigarwa suka ɗan fi, rarar iskar ce za ta riƙa fita ta kafofin, ƙura kuma ba ta da mashiga sai ta bakin fankar gaba, inda za ka iya tare ta da raga. A ƙasar da hunturu ke sauka da buji, na biyun ya fi mana. Biyu a gaba, ɗaya a baya, ya wadatar wa yawancin kwamfutoci.

Auna kafin ka taɓa

Kada ka fara da sukundireba, fara da awo. Sauke manhaja irin su HWMonitor, HWiNFO ko Core Temp, duk kyauta ne. Mai Linux ya yi amfani da lm-sensors. Rubuta zafin furosesa da na had-disk sau biyu: lokacin da kwamfutar ke zaune kawai, da bayan minti 15 tana aiki mai nauyi. Ka yi awon da azahar, lokacin da matsalar ke tasowa. Idan furosesa yana ƙasa da 80 cikin aiki, hankalinka ya kwanta. Idan yana zama sama da 90, aiki ya same ka.

Daga nan sai gwaji ɗaya mai sauƙi. Cire murfin gefe, ka juyo fankar tebur tana hura ciki, ka sake awo. Idan zafin ya sauka sosai, matsalar ta hanyar iskar akwati ce. Idan bai motsa ba, matsalar tana kan furosesa: ko hitsink ya toshe, ko fankarsa ta gaji, ko mansa ya bushe. Idan kuwa zafin daidai yake amma tana ɗaukewa, to ka koma kan wuta da fawa-fak, wannan wani darasin ne.

Gyaran, daga na kyauta zuwa na kuɗi

Na farko, mazauni. Fitar da akwatin daga durowa. Bar tazarar aƙalla taƙi ɗaya tsakanin bayansa da bango. Ɗaga shi daga ƙasa, ko da kan benci ne, domin ƙura da yashi a ƙasa suka fi taruwa, kuma akwatunan zamani da yawa fawa-fak ɗinsu ta ƙasa yake shaƙa. Kada rana ta taga ta same shi. Kada bayan wata kwamfutar ya fuskanci gaban wata, kamar yadda ake jera su a wasu ɗakunan gwaji. Zanin rufewa kuma sai an kashe ta.

Na biyu, shara. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara wutar nan da kake ji ta ɗan ja ka idan ka taɓa ƙofar mota. Ita kaɗai tana iya kashe ram. Fita waje da akwatin, ka rufe hancinka, ka hura da bulowa daga ɗan nesa. Riƙe fukafukan kowace fanka da yatsa ko tsinke yayin hurawa, don idan ta yi gudun da ya wuce ƙima tana lalacewa. Tsakanin haƙoran hitsink sa busasshen buroshi mai laushi. Fawa-fak ka hura shi ta raga kawai. Kada ka buɗe shi. Kafasiton cikinsa suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya.

Na uku, wayoyi. Tattara su, ka ɗaure, ka kwantar da su gefe ko bayan farantin madabod. Wayar da ba ta aiki kada ta rataya a gaban fanka. Su ne kacalar cikin akwati.

Na huɗu, man furosesa. Saman furosesa da gindin hitsink a ido sumul suke, amma akwai 'yan ramukan da iska ke maƙalewa, iska kuma ba ta wuce da zafi da kyau. Man nan mai launin toka shi ke cike ramukan. A kwamfutar gwanjo da ta shekara bakwai ko goma, sau da yawa za ka tarar ya bushe ya zama kamar alli. Kwance hitsink a hankali, goge tsohon da sifirit da ƙyalle mai tsabta, bari ya bushe, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, ka mayar da hitsink. Ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan, har su zauna daidai. Kada ka manta da mayar da wayar fankar a gurbinta mai rubutun CPU_FAN. Man goge baki da giris ɗin mota ba sa maye gurbinsa, ko wa ya gaya maka.

Na biyar, sai a nan ne za ka sa hannu a aljihu. Fankar da ke ƙara, ko wadda sai an tura ta da yatsa take tashi, ta gama. Girman da aka saba su ne milimita 80, 92, 120 da 140. Idan gurbin ya ba ka zaɓi, ɗauki babba: tana tura iska da yawa a gudu kaɗan, ba ta da hayaniya. Mai fil huɗu ta fi mai fil uku sauƙin sarrafawa, madabod na ƙara mata gudu ko ya rage gwargwadon zafi. A cikin BIOS na kwamfutoci da yawa akwai inda za ka sa fanka ta fara gudu da wuri, da bazara ka yi amfani da shi. Sai dai a kula, wasu ƙananan akwatunan Dell da HP bakin wayar fankarsu daban ne. Idan za ka aika Kano, ko Titin Beirut ko Farm Centre, haɗa da tsohuwar a gwada, kada ka yi asarar kuɗin mota.

Na shida, raga. Idan akwatinka ba shi da matacin ƙura a gaba, yanki tsohon gidan sauro mai tsabta, falle ɗaya, ka manna a bakin fankar shigarwa. Yana tare ƙura mai kauri da ƙwari. Amma ragar da ba a wankewa ta fi rashin raga illa. Kada ka sa soso ko zani mai kauri, shaƙe ta za ka yi.

Idan ka gama, mayar da murfin gefe, ka sake awo a lokaci irin na farko, ka kwatanta lambobin. Wasu kan bar murfin a buɗe dindindin. A ranar da ta ɓaci, buɗaɗɗen gefe da fankar tebur za su fitar da kai har ka gama bugu. Amma zama da shi haka yana ɓata hanyar da aka tsara wa iska, ya kuma buɗe ƙofa ga ƙura da tsaka da kyankyaso.

Kowane lokaci da nasa

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Duba raga duk mako, ka yi babbar shara idan ya wuce, kafin zafi ya kama. Kwamfutar da ta shiga bazara da ƙurar hunturu a cikinta ita ce wadda ke ɗaukewa a Afrilu. Shagon da ke kusa da injin casar shinkafa ko bakin titi mara kwalta sai ya ninka kulawa.

Da bazara ɗakin ne matsalar. Buɗe taga da ƙofa su fuskanci juna, bar fankar sama tana aiki, aiki mai nauyi irin na AutoCAD ko haɗa bidiyo a yi shi da sassafe ko da dare. Kwamfuta goma a ɗaki ɗaya, kowace na shan wat 150, zafin wat 1,500 ke nan, kamar ka kunna hita a tsakiyar ɗakin.

Da damina, a gari irin namu na bakin ruwa, laima ce ke haɗuwa da ƙura ta zama dauɗa mai ɗanko, ƙwari kuma su nemi wuri mai ɗumi. Nisanta akwatin daga ƙasa da bangon da ke tsatsafo. Ko da wasa kada ka ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ko ƙanƙara a kansa don ya huce. Ɗigo ɗaya a kan madabod ya isa.

Abin da ya rage gare mu

Kwamfuta ɗaya a shago a Guri, ko Kirikasamma, ko Birniwa, da ita ake buga takardun makaranta, ake ciyar da gida. Idan ta mutu, mai ita sai ya yi tafiya ya nemi gyara, masu jiran aiki su yi ta sintiri. Mu da muke karatun nan a Haɗeja, idan muka je SIWES ko hutu, mu za a fara kira. Tambayar farko da za ka yi ita ce wadda na yi wa abokin yayana: da safe ma tana yi? Daga nan ka auna, ka buɗe, ka bi hanyar iska daga gaba zuwa baya.

Shawara ga shugabannin ƙungiya da na sashen kwamfuta: a ware Asabar ɗaya a ƙarshen Fabrairu, da izinin masu kula da ɗakunan gwaji, a share kwamfutocin makaranta, kowa ya rubuta awon kafin da na bayan. Darasi ne da hannu, kuma mu ne za mu ci amfaninsa lokacin jarrabawa.

Kafin nan dai, furojet ɗinka ka ajiye shi a wuri biyu, filasha da imel, kuma ka riƙa danna ajiyewa duk bayan sakin layi. Rigakafi ya fi magani.